Raunin Gwiwa: Abin Da Hoton Ƙashi Ba Ya Nunawa

A Abbare, wadda mazaɓarta ta Abbare Yelwa ke cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Jalingo a Jihar Taraba, kamar dai a sauran garuruwan Arewa, idan mutum ya ji ciwo a gwiwa tambaya guda ce ake fara yi, watau ko an samu karaya ko ba a samu ba. In ba a samu ba sai a yi hamdala, a ce targaɗe ne, a kira mai ɗori ya ja ƙafar ya murza, a shafa man zafi, a ɗaure da tsumma, a jira sauƙi daga Allah. Sau da yawa kuwa sauƙin yakan zo. Amma akwai wani irin rauni wanda ba karaya ba ne, ba kuwa targaɗen da aka saba da shi ba ne, kuma shi ne ke mai da saurayi mai jini a jika ya zama mai ɗingishi tun bai kai shekara 40 ba.

A ɗauki misalin saurayin da ke buga ƙwallo a filin makaranta da la'asar sakaliya. Ya kafa ƙafarsa a ƙasa, ya juya da sauri zai bi ƙwallo, ba wanda ya taɓa shi, sai ya ji wani abu ya yi ƙas a cikin gwiwarsa, ya zube. Kafin a kira sallar isha'i gwiwar ta kumbura ta yi suntum. Washegari aka kai shi cikin garin Jalingo aka ɗauki hoton ƙashi, hoto ya fito ƙashi lafiya lau, ko tsagewa babu. Bayan mako uku ko huɗu kumburi ya sace, yaro ya miƙe yana tafiya, kowa ya ce ai ya warke. Sai ran da ya saɓo buhun masara daga gona, ya zo zai tsallake kwata, gwiwar ta goce masa kamar an zare wani abu daga ciki, ya sake faɗuwa. Daga nan fa sai abin ya zama jiki, yau ta goce gobe ta kumbura.

Hoton nan bai yi ƙarya ba, domin ƙashin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya tsinke ne hoton ba ya iya gani.

Abin da ke riƙe da gwiwa

Gwiwa mahaɗa ce ta ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri, ga kuma ƙoƙon gwiwa a gaba. Ba kamar ƙugu ba, inda kan ƙashi ke zaune daram cikin gurbinsa, a gwiwa ƙashi ne mai kai kewayayye aka ɗora bisa ƙashi mai shimfiɗaɗɗen kai, saboda haka babban abin da ke hana su rabuwa shi ne jijiyoyin ɗauri guda huɗu masu kama da igiya. Biyu suna gefe da gefe, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, su ne ke hana ƙafa karkacewa dama ko hagu. Sauran biyun suna can tsakiyar gwiwa, sun giciye juna kamar bakin almakashi. Ta gaba cikinsu ita ce ke hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa, ita ce kuwa ke tsinkewa a wajen 'yan ƙwallo da 'yan kokawa. Ta baya takan tsinke ne idan wani abu ya bugi gaban ƙwauri da ƙarfi alhali gwiwa tana lanƙwashe, kamar yadda kan faru ga wanda ke zaune a gaban mota lokacin karo, ko wanda ya faɗo daga kan babur bisa gwiwarsa.

Tsakanin ƙasusuwan nan biyu kuma akwai guringuntsi guda biyu masu siffar jinjirin wata, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Aikinsu aikin gammo ne. Kamar yadda mai tallar ruwa ke sa gammo don kada tulu ya ci masa kai, haka wannan guringuntsi ke raba nauyin jiki bisa kan ƙwauri don kada ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Yakan yage idan aka murɗa gwiwa tana ɗauke da nauyi, ko kuwa wajen tashi daga dogon tsugunno, musamman ga wanda shekaru suka fara ja.

To, hoton ƙashi, wanda Bajamushe Wilhelm Rontgen ya gano haskensa a 1895, ƙashi kaɗai yake kamawa sosai. Jijiya da guringuntsi hasken ratsa su yake yi ya wuce, wurinsu ya fito wayam kamar ba kome. Shi kuma mai ɗori, gwanintarsa a ƙashi take, kuma ba mai musun cewa masu wannan sana'a sun daɗe suna taimakon jama'a a inda babu asibiti. Amma igiyar da ta tsinke a can tsakiyar gwiwa hannu ba ya kai gare ta daga waje, ja da murza kuwa ba abin da za su ƙara wa guringuntsin da ya yage sai yagewa.

Yadda na'urar ke gani

Na'urar da ake kira MRI, watau mai ɗaukar hoto da maganaɗisu, ita ce ta cike wannan giɓi. Tushen iliminta ya faro daga 1946, lokacin da Felix Bloch da Edward Purcell, kowa a nasa ɗakin bincike a Amurka, suka gano cewa ƙwayoyin zarra da aka sa cikin maganaɗisu mai ƙarfi suna amsa kiran igiyar rediyo. A 1973 Paul Lauterbur ya nuna yadda za a mai da wannan amsa ta zama hoto, Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham a Ingila kuma ya samo hanyar hanzarta aikin, abin da ya sa aka ba su biyun kyautar Nobel a 2003. Hoton farko na jikin mutum da Raymond Damadian ya ɗauka a watan Yuli na 1977 sai da ya ci kusan awa 5. Yau hoton gwiwa baki ɗaya ba ya wuce minti 20 zuwa 40.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Fiye da rabin jikin ɗan Adam ruwa ne, a cikin ruwa da kitse kuwa akwai ƙwayoyin haidurojin waɗanda kowace ɗaya take kamar 'yar mitsitsiyar allurar kamfas irin wadda matafiya ke neman alƙibla da ita. Idan aka shigar da ƙafa cikin na'urar sai maganaɗisun ya jera su su fuskanci waje guda. Daga nan sai a aika musu da igiyar rediyo ta karkatar da su, a ɗauke, su kuma wajen komawa yadda suke sai su fitar da wata 'yar amsa wadda kwamfuta ke tattarawa. Da yake ruwa da kitse da jijiya kowanne da irin saurin komawarsa, sai kowanne ya fito da nasa launi. Ana ɗaukar hoton ne yanka yanka, kowane yanki kaurinsa milimita 3 ko 4, daga gefe, daga gaba, da kuma a kwance, kamar mai yanka burodi ta fuska uku.

Lafiyayyar jijiya baƙa take fitowa, a miƙe kamar tsarkiyar baka. Wadda ta tsinke sai a gan ta ta yi haske ta yi buzu-buzu, ko ta kwanta, ko ma a nemi wurinta a rasa. Shi kuma guringuntsi, idan aka duba shi daga gefe, kamar baƙaƙen dutsen guga biyu masu kusurwa uku yake fitowa, ɗaya gaba ɗaya baya, yagewa kuwa farin layi ce da ta ratsa baƙin har ta fito bakinsa. Wannan magana ta fitowa baki muhimmiya ce ƙwarai, gama sau da yawa akan ga ɗigo ko layi mai haske a cikin guringuntsi wanda bai kai baki ba, wannan kuwa alamar tsufa ce ko gajiya, ba yagewa ba. Masu karanta hoto sukan kira irin wannan daraja ta 1 ko ta 2, sai wanda ya kai baki suke kira daraja ta 3. Mutane da yawa sun kwana da fargaba saboda ganin irin waɗannan kalmomi a takardar sakamako ba tare da an yi musu bayani ba.

Har ila yau na'urar tana nuna wani abin da ba a san da shi ba kafin zuwanta, watau ƙujewar cikin ƙashi. Lokacin da jijiyar gaba ta tsinke, ƙashin cinya da na ƙwauri sukan gwabza da juna ta gefen waje, su bar tabo mai haske a cikin ɓargo. Likita yana ganin wannan tabo a wurin da aka san shi ya san yadda faɗuwar ta auku, kamar yadda maharbi ke karanta sawu.

Game da ingancinta kuwa, bincike da yawa da aka gwada sakamakon hoto da abin da aka tarar wajen tiyata sun nuna cewa tana gano tsinkewar jijiyar gaba da yagewar guringuntsin ciki a wajen mutum 9 cikin 10. A guringuntsin waje ta fi yin kuskure, takan tsallake kamar 2 cikin 10.

Gani bai kori ji ba

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a sha'anin gwiwa maganar ba ta zauna daidai ba, domin ƙwararren likitan ƙashi da ji yake farawa. Zai tambaya yaya aka faɗi, an ji ƙara ko ba a ji ba, an iya tashi an ci gaba da wasa ko sai da aka ɗauko mutum, kuma yaushe kumburi ya zo. Kumburin da ya zo cikin awa 2 jini ne ya taru, kuma binciken da aka yi a Amurka tun 1980 ya nuna cewa cikin gwiwoyi 10 da suka cika da jini haka bayan rauni, wajen 7 jijiyar gaba ce ta samu matsala. Kumburin da ya bari sai washegari ya fi karkata ga guringuntsi. Sa'an nan likita zai kwantar da mutum, ya ɗan lanƙwasa gwiwar, ya riƙe cinya da hannu ɗaya ya jawo ƙwauri gaba da ɗayan. In jijiya tana nan zai ji ta tsaya cak kamar an ja akuya ta kai ƙarshen igiya, in ta tsinke sai ƙwauri ya taho sakwaf. Wannan gwaji, da ake kira gwajin Lachman, an bayyana shi a 1976, ba ya cin ko kwabo, kuma a hannun wanda ya ƙware bai faye kasa na'ura ba.

Saboda haka hoton maganaɗisu ba shi ne matakin farko ba. Wanda ya kasa taka ƙafarsa taku huɗu, ko ya kasa lanƙwasa gwiwa sosai, ko ƙoƙon gwiwarsa ke zafi in an danna, ko kuwa ya kai shekara 55, hoton ƙashi ya kamata a fara yi masa don a tabbatar babu karaya. Akwai kuma waɗanda jiran kowane irin hoto mai nisa hatsari ne gare su. Idan gwiwa ta goce gaba ɗaya a hatsarin mota, ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu, mai yiwuwa ne babbar hanyar jini da ke bayan gwiwa ta samu rauni, kuma in aka wuce awa 6 zuwa 8 ba a gyara ba ana iya rasa ƙafar. Haka nan gwiwar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi ba tare da an faɗi ba, musamman ga yaro ko mai ciwon sikila, wannan maganar ƙwayar cuta ce, asibiti mafi kusa take bukata a ranar.

Waɗanda hoton ya fi yi wa amfani su ne irin saurayin nan da gwiwarsa ke gocewa, da wanda likita ke zaton jijiya fiye da ɗaya ta tsinke, da kuma wanda gwiwarsa ta kulle, watau ta ƙi miƙewa sarai ko da an danna. Kullewa takan faru ne idan guringuntsi ya yage a tsaye, ɓangaren da ya yage ya juye ya faɗa tsakiyar gaɓa kamar mariƙin bokiti. Wannan ba abin jinkiri ba ne, ga dalili. Gefen guringuntsi na waje ne kaɗai, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, ke samun jini, saboda haka yagewar da ta faɗo a nan ana iya ɗinke ta ta warke, wadda ta faɗo can ciki kuwa sai dai a datse. Hoton yana taimaka wa likita ya san wacce ce tun kafin ya sa wuƙa. In aka bar shi wata da watanni ana takawa a kai, abin da da za a ɗinke sai ya ragargaje ya zama na cirewa. Tun a 1883 wani likita a Edinbara, Thomas Annandale, ya ɗinke guringuntsin gwiwa, amma duk da haka aka shafe shekaru masu yawa ana cire shi ɗungurungum ana ganin ba shi da wani amfani, sai a 1948 likita Fairbank na Ingila ya nuna yadda gwiwar da aka raba da gammonta ke lalacewa daga baya. Wannan lalacewa ita ce amosanin gaɓa da ke sa mutum sallah a kan kujera.

Su ma jijiyoyin ba hukuncinsu ɗaya ba. Ta gefen ciki, irin wadda Asisat Oshoala ta ji wa rauni a gasar cin kofin Afirka ta mata a Maroko a 2022, yawanci takan warke da kanta cikin makonni in an sa mata takalmin gwiwa an kuma bi umarnin sashen gashi. Jijiyar gaba kuwa in ta tsinke gaba ɗaya da wuya ta haɗe da kanta. Ba kowa ne ke bukatar a dasa masa wata ba, gama malamin makaranta ko ɗan tireda yana iya zama lafiya in ya ƙarfafa naman cinyarsa ta hanyar motsa jiki. Amma ɗan ƙwallo, da manomin da ke aiki a kan kunya da gangaren dutse, da duk wanda gwiwar ke yawan goce masa, kowace gocewa tana ƙara cin guringuntsinsa ne. Masu sha'awar ƙwallo ba su manta da Daniel Amokachi ba, haifaffen Kaduna, wanda ciwon gwiwa ya raba shi da fili tun bai cika shekara 30 ba.

Dattawa su yi hattara

Akwai kuma ɗaya gefen maganar, wanda masu sayar da hoto ba su cika faɗa ba. Na'urar nan tana gani har ta wuce kima. A 2008 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a garin Framingham na Amurka, inda aka ɗauki hoton gwiwar mutum 991 masu shekara 50 zuwa 90, ba tare da an zaɓe su don suna ciwo ba. Aka tarar da guringuntsi ya yage ko ya lalace a wajen mata 19 cikin 100 masu shekara 50 zuwa 59, adadin ya yi ta hawa har ya kai 56 cikin 100 a wajen maza masu shekara 70 zuwa 90. Abin mamaki shi ne 61 cikin 100 na waɗanda aka ga yagewar a hotonsu ba su ji wani ciwo a gwiwa ba a watan da ya gabata. Watau ga dattijo, yagewar guringuntsi kamar furfura ce, tana zuwa da shekaru.

Sa'an nan a 2013 likitocin ƙasar Finland suka gwada mutum 146 masu irin wannan yagewa ta tsufa. Rabi aka datse musu guringuntsin, rabi kuwa aka shigar da su ɗakin tiyata aka leƙa gwiwar aka rufe ba a datse kome ba, ba kuwa wanda ya san ɓangaren da ya faɗa. Bayan shekara guda aka tarar sauƙin da suka samu duk ɗaya ne. Saboda haka dattijon Abbare da gwiwarsa ke ciwo wajen ruku'u da sujada, ba faɗuwa ya yi ba, ba ta kuma kulle ba, bai kamata ya sayar da ɗan bijiminsa don hoton maganaɗisu ba. Hoton ƙashi da aka ɗauka yana tsaye, da rage ƙiba, da motsa jiki a hannun ma'aikatan gashi sun fi masa amfani nesa ba kusa ba.

Wannan magana tana da nauyi a ƙasar nan saboda na'urar ba ta wadata ba. Wata ƙidaya da likita Godwin Ogbole na Ibadan da abokan aikinsa suka buga a 2018 ta sami na'ura 84 kacal a Afirka ta Yamma, inda mutane suka haura miliyan 370, 58 daga ciki a Nijeriya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗanda ke Nijeriya masu ƙaramin ƙarfi ne. An ƙaro wasu tun daga lokacin, amma har yanzu a manyan birane suka taru. Dalili kuwa a fili yake. Babbar na'ura mai ƙarfin tesla 1.5, wadda maganaɗisunta ya ninka na duniya wajen sau 30,000, sai an riƙa sanyaya ta da ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, dare da rana, ko ana aiki ko ba a yi, wannan kuwa yana bukatar wutar lantarki wadda ba ta yankewa. Ƙananan ba su da wannan lalura, kuma suna iya nuna tsinkewar jijiya da babbar yagewa, sai dai sun fi jinkiri, siririyar yagewa kuma takan ɓace musu. Kuɗin hoton ya ninka na hoton ƙashi sau da yawa, ban da kuɗin mota da masauki da na ɗan rakiya ga wanda aka tura Yola, ko Gombe, ko Abuja, ko Kano inda Asibitin Ƙashi na Dala yake tun 1959. A zamanin mulkin Shugaba Muhammadu Buhari Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa sababbin asibitocin ƙashi a Jalingo da Jos da Benin, ƙari a kan na Dala da Igbobi da Enugu.

Wanda likita ya rubuta wa hoton, kafin ya hau mota ya kamata ya sa a bincika masa ko na'urar wurin da za shi tana aiki a wannan mako, da ƙarfinta, da kuma ko akwai likitan da zai karanta hoton. Babu allura a yawancin hoton gwiwa, babu zafi, babu kuma irin hasken hoton ƙashi. Da ƙafa ake shiga, kai yakan rage a waje, sai dai ƙara kamar ta injin niƙa, wadda ake ba mutum abin toshe kunne saboda ita, kuma tilas a kwanta shiru domin motsi kaɗan yana ɓata hoto. Maganaɗisun ba a kashe shi ko da dare, yana kuwa fizgar ƙarfe da ƙarfin gaske, saboda haka zobe da agogo da makulli da wayar hannu da katin banki, har da laya ko guru mai ƙarfe a ciki, duk a waje ake barinsu. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji, da wanda harsashi ko ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa zama a jikinsa, da mai walda ko maƙerin da ƙarfe ya taɓa faɗa wa a ido, da mace mai juna biyu, lalle su faɗa tun kafin su shiga ɗakin. In an gama kuma, kada a karɓi takardar sakamako kaɗai, a karɓo hotunan a faifai ko a fim, domin likitan da ya taɓa gwiwar da hannunsa zai so ya duba su da idonsa kafin ya yanke shawarar tiyata.